Ramzin Zamani: Bayyana Shaidar Zubi a Manhajojin Fitowar Dare da Amfaninta ga Mai Nazarin Hausa, Duba Daga Bagudo da Iyakar Binin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda masu ƙera manhajojin kwamfuta da na wayar hannu suke bayyana lambar siga da shaidar zubi a cikin manhajojin da ake fitarwa kullum domin gwaji, waɗanda aka fi sani da fitowar dare. Manufar ita ce a nuna cewa wannan ɗan layi na lambobi da haruffa yana yin aikin da ramzi da rufewar mai kwafi suke yi a rubutun ajami, kuma duk wani nazari a kan Hausar da ke cikin manhaja ba zai tabbatu ba idan babu shi. An bi hanyar kwatanci tsakanin tsarin Firefox da MediaWiki da Git da Android, sannan aka auna su da yanayin amfani da waya a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. A ƙarshe an ba da shawarwari a kan kalmomi da kuma hanyar kafa hujja da manhaja.

Fitilun kalmomi: manhaja, siga, zubin dare, ramzi, fassara, Bagudo

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin Hausa ya saba da matanin da ke zaune wuri guda. Idan ya ambaci littafi, yakan kawo shekarar bugu da maɗaba'a da shafi, wanda duk ya so ya bi sawu ya tarar da abin yadda aka faɗa. Amma a yau wani kaso mai yawa na rubutacciyar Hausa yana cikin manhajoji ne. Google Translate ya shigar da Hausa a watan Disamba na 2013, Facebook ya samar da fuskarsa ta Hausa a 2016, kuma shirin Common Voice na Mozilla ya saka muryoyin Hausa a kundinsa mai lamba 7.0 a watan Yuli na 2021. Ɗalibai da malamai sun fara rubuta kundaye da maƙalu a kan ingancin waɗannan fassarori. Matsalar ita ce matanin manhaja ba ya zama wuri guda. Kalmar da aka gani a kan allo ranar Litinin tana iya sauyawa kafin Alhamis. Saboda haka, wanda ya ce "manhaja kaza ta fassara kalma kaza da kuskure" bai faɗi abin da za a iya tabbatarwa ba, sai fa in ya faɗi wane zubi na manhajar ya duba.

2.0 Ma'anar Siga da Zubi da Fitowar Dare

Ana rubuta manhaja ne da rubutun umarni wanda mutane suke iya karantawa, sannan wata na'ura ta sarrafa shi ya koma kunshin da waya ko kwamfuta za ta iya aiki da shi. Wannan sarrafawa ita aka kira zubi a wannan maƙala, bisa kwatanci da aikin maƙeran da ke zuba narkakken ƙarfe a cikin ƙira. Ƙirar tana iya zama ɗaya, amma kowace tukunya da ranar da aka zuba ta.

Siga kuwa ita ce lambar da masu manhaja suke ba wa wani mataki na aikinsu, kamar 128 ko 7.6. A ƙarƙashin siga guda ana iya yin zubi da dama. Wannan ya fi bayyana a fitowar dare, wato zubin da na'ura take yi da kanta a kowace rana daga duk abin da aka shigar a ma'ajiyar rubutun umarni zuwa wannan lokaci. Asalin sunan ya samo ne daga al'adar barin na'ura ta yi wannan aiki da dare bayan ma'aikata sun tashi. Mozilla takan fitar da Firefox Nightly kusan sau biyu a rana, alhali tabbatacciyar siga ta jama'a tana fitowa ne duk bayan kimanin mako huɗu tun daga 2020. Ke nan a cikin wata guda ana iya samun zubi kusan 60 masu ɗauke da lambar siga iri ɗaya. Masu fassara da masu gwaji su ne suka fi amfani da irin wannan fitowa, domin a nan ne sabuwar fassara take fara bayyana kafin ta isa ga jama'a.

3.0 Yadda Ake Bayyana Shaidar Zubi

Shaidar zubi takan ƙunshi abubuwa huɗu: lambar siga, da matakin fitowa, da kwanan wata, da hatimin sauyi na ƙarshe.

A Firefox Nightly, shafin bayanin manhaja yakan nuna layi kamar 128.0a1 (2024-05-20). Alamar a1 tana nuna cewa fitowar gwaji ce, kwanan watan kuma yana nuna ranar zubi. Da yake rana guda tana iya samun zubi biyu, akwai wata lamba mai alƙaluma 14 da ake gani idan aka rubuta about:support a gurbin adireshi, wadda ta jera shekara da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa. Shafin about:buildconfig kuma yana nuna ainihin sauyin rubutun umarni da aka yi zubin daga gare shi.

Hatimin sauyi ya fito ne daga manhajojin adana tarihin rubutun umarni, musamman Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk sauyin da aka shigar yana samun hatimi mai alamomi 40 na lambobi da haruffa, wanda aka lissafo daga abin da ke cikin sauyin da kuma tarihin da ya gabace shi. Idan harafi ɗaya ya canja, hatimin zai canja baki ɗaya. Yawanci akan nuna bakwai na farko ne kawai. Umarnin git describe yana haɗa waɗannan bayanai a layi guda, misali v2.3.0-14-g1a2b3c4, ma'ana an shigar da sauye-sauye 14 bayan siga 2.3.0, kuma na ƙarshensu shi ne mai hatimi 1a2b3c4.

A wayoyin Android, kowace manhaja tana da shaida biyu. Akwai sunan siga wanda ake nuna wa mutane, akwai kuma lambar ciki wadda wayar take dubawa domin ta san wane kunshi ne sabo. Ana iya samun kunshi biyu masu sunan siga ɗaya amma lambar ciki daban. Wikipedia kuwa, har da ta Hausa, tana tafiya ne a kan MediaWiki, wadda ake sabuntawa kusan duk mako, kuma shafin Special:Version yana nuna sigar da ke aiki tare da hatiminta. LibreOffice ta ƙara da wani abu mai amfani: maɓalli guda a shafin bayaninta yana kwafe siga da shaidar zubi da nau'in na'ura da harshen fuska, domin mai kai rahoto ya liƙa su ba tare da ya rubuta da hannu ba.

4.0 Ramzi da Rufewar Mai Kwafi

Wannan buƙata ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman daular Sakkwato da na Gwandu, masarautar da Bagudo take ƙarƙashinta, sun saba rufe waƙoƙinsu da ramzi, wato kalmar da idan aka tara ƙimar haruffanta za ta ba da shekarar Hijira. Mai kwafi kuma sau da yawa yakan ƙara nasa bayani a ƙarshen takarda: sunansa, da wanda ya rubuta wa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Mai nazarin rubutun hannu ya san cewa waɗannan abubuwa biyu ne mabambanta. Ramzin mawallafi yana nuna lokacin da aka tsara matani, rufewar mai kwafi tana nuna lokacin da aka samar da wannan takarda da ke hannu. Haka abin yake a manhaja: hatimin sauyi shi ne ramzin mawallafi, ranar zubi ita ce rufewar mai kwafi. Bambancin yana fitowa fili a harshen ƙera manhaja na Rust, inda kwanan watan da fitowar dare take nunawa na sauyin ƙarshe ne, kuma yawanci yakan kasance kwana guda kafin ranar da aka fitar da ita. Wanda bai san wannan ba zai sauko da zubin da ba shi ake magana a kai ba.

Akwai darasi na biyu a cikin ramzi. Lissafin haruffa iri biyu ne. A tsarin Magrib, wanda malaman ƙasar Hausa suka bi, harafin shinun yana da ƙimar 1000, amma a tsarin Gabas ƙimarsa 300 ce. Idan aka haɗa shinun da ra da mim da wau, lissafin Magrib zai ba da 1246, na Gabas kuwa 546. Tazarar shekara 700 ke nan daga haruffa iri ɗaya. Kwanan wata a manhaja yana da irin wannan tarko. Idan aka rubuta 03/04/2025, mutumin Nijeriya da na Binin za su karanta 3 ga Afrilu, mutumin Amurka kuwa 4 ga Maris. Wannan ne ya sa masu manhaja suka fi son tsarin ISO 8601, wanda ya fara fitowa a 1988, inda ake fara rubuta shekara, sai wata, sai rana. Bayan kawar da ruɗani, wannan tsari yana sa sunayen kunshi su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo.

5.0 Bagudo da Iyakar Binin

Ƙaramar hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin jihar Kebbi, Kogin Neja ya ratsa ta, kuma ta yi iyaka da lardin Alibori na Jamhuriyar Binin. Daga cikin garuruwanta akwai Illo da Kaoje da Lolo da Zagga da Tsamiya, inda hanya take tsallakawa zuwa Segbana. Ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Kyanganci da Busanci, kuma Hausa ce harshen cinikayya tsakanin yawancin waɗannan al'ummomi. Hausar yankin ta karin yamma ce, inda ake jin shina a maimakon yana, da ɗiya a maimakon 'ya. Abubuwa uku ne suka sa wannan yanki ya dace da batun.

Na farko shi ne hanyar da manhaja take shiga waya. A wuraren da intanet ke da tsada ko rauni, kamar yadda aka sani a karkarar Arewa, mutane da yawa ba daga rumbun manhajoji suke sauko da ita ba. Aboki ne yake tura wa aboki ta Xender ko Bluetooth, ko kuma a karɓa a wurin masu cajin waya da masu tura waƙoƙi a kasuwa. Kunshin da aka tura ta haka kwafi ne na kwafi, kuma yana iya shekara bai sabuntu ba. Wayoyi biyu a rumfa ɗaya a kasuwar Illo suna iya ɗauke da manhaja mai suna ɗaya amma Hausar da ke cikinsu ta bambanta. Yanayi ne da ya yi kama da yaɗuwar rubutun hannu fiye da yaɗuwar bugaggen littafi.

Na biyu shi ne iyaka. Ɗan kasuwar da ke tsallakawa yana iya riƙe layin Nijeriya mai farawa da +234 da na Binin mai farawa da +229, yana lissafi da naira da sefa, wayarsa kuma tana iya kasancewa a saitin Ingilishi ko na Faransanci gwargwadon inda aka saye ta. A ranar 30 ga Nuwamba, 2024, Binin ta mayar da lambobin wayarta daga alƙaluma 8 zuwa 10 ta hanyar ƙara 01 a farko. Manhajoji da yawa suna ɗauke da jadawalin tsarin lambobin ƙasashe a cikin kunshinsu, da shi suke tantance ko lamba daidai take. Zubin da aka yi kafin a sabunta wannan jadawali yana iya ƙin karɓar sabuwar lambar mutumin Segbana, alhali zubin da ya biyo baya zai karɓa. Idan mai wayar ya kai ƙorafi, tambayar farko da za a yi masa ita ce wace siga yake da ita. In manhajar ba ta nuna ba, ba shi da amsa, su ma masu gyara ba su da mafari.

Na uku shi ne harsunan maƙwabta. Firefox tana da fuskar Fulatanci mai alamar ff da ta Songhai mai alamar son, dangin harsunan da Dandanci da Zabarmanci suke ciki. Ita kuma Hausa akan bambanta ta a manhajoji da alamomi irin su ha-NG da ha-NE, domin Nijeriya tana rubuta 'y a inda Nijar take rubuta ƴ. Saboda haka, ga mai nazari, shaidar zubi ba ta cika ba sai an haɗa ta da alamar harshen da aka saita.

6.0 Abin da Rashin Shaida Yake Jawowa

A ƙaddara wani ɗalibi ya tattara hotunan allo daga wayoyin mutane a Tsamiya, ya tarar da wata manhaja tana rubuta kasa a inda ya kamata ta rubuta ƙasa. Ya yanke hukunci cewa masu fassara ba su san ƙa'idar rubutu ba. Mai duba aikinsa a Sakkwato ya buɗe manhajar a tasa wayar, ya ga ƙasa da lanƙwasarta. Wa ke da gaskiya? Mai yiwuwa dukkansu. Ko dai an gyara fassarar a wani zubi na baya-bayan nan, ko kuma wayar Tsamiya tana ɗauke da tsohon kunshi. Ba tare da shaidar zubi ba, babu hanyar raba gardama, kuma zargin da aka ɗora wa masu fassara yana iya zama a kan laifin da suka riga suka gyara.

Idan kuwa akwai shaida, ana iya gano ranar da kuskure ya shigo. Hanyar ita ce raba tsakiya. A ɗauki zubin da aka san lafiyarsa ƙalau da wanda aka ga kuskure a ciki, a gwada na tsakiyarsu, a watsar da rabin da ba shi da laifi, a sake raba sauran. Zubi 60 na wata guda gwaji shida kawai suke buƙata. Mozilla tana da manhajar mozregression domin wannan aiki. Mai nazarin rubutun hannu zai gane hanyar, domin ita ce ta bin kwafe-kwafe har a kai ga wanda kuskure ya fara bayyana a cikinsa.

Haka kuma batun yake ga kundayen bayanai. Common Voice tana fitar da kundinta ne siga-siga, kuma yawan muryoyi da rabonsu tsakanin na horarwa da na gwaji yana canjawa. Wanda yake son auna yadda na'urar gane magana take jin Kabanci dole ya faɗi sigar kundin da aka horar da ita a kai, in ba haka ba sakamakonsa ba zai kwatantu da na wani ba.

7.0 Iyakokin Wannan Hanya

Akwai inda shaidar zubi ba ta wadatarwa. Manhajojin da aikinsu yake gudana a na'urorin kamfani ta intanet, irin su Google Translate, suna iya canja sakamako ba tare da lambar da ke kan waya ta motsa ba. A nan babu abin riƙo sai kwanan wata da lokaci da hoton allo. Haka nan wasu masana tsaro suna ganin bayyana siga ga kowa yana sauƙaƙa wa masu kutse sanin raunin da za su nema, kodayake wannan ya fi shafar na'urorin da ke ɗauke da shafukan intanet fiye da manhajar da mutum yake riƙe da ita a hannunsa. Sannan masu fafutukar ganin zubi ya maimaitu daidai suna sukar cusa lokacin zubi a cikin kunshi, domin yana sa rubutun umarni ɗaya ya haifar da kunshi mabambanta. Maganin da suka kawo shi ne a yi amfani da lokacin sauyin ƙarshe, wato a fifita ramzin mawallafi a kan ranar mai kwafi.

8.0 Shawarwari

Ga masu fassara manhaja zuwa Hausa, ya dace a bambanta kalmomi: siga ga lambar mataki, zubi ga kunshin da aka sarrafa, hatimi ga shaidar sauyi. Gaskiya ne zubi tana da wata ma'ana a nazarin adabi, a cikin zubi da tsari, amma muhallin magana ya isa ya raba su. Lakabin kawai za a fassara. Lambobin da haruffan hatimi a bar su yadda suke, ko da fuskar manhajar ta ajami ce, domin da su ake bincike a ma'ajiya.

Ga masu ƙera manhaja domin yankuna irin Bagudo, ya kamata shaidar ta kasance a inda za a gan ta ba tare da intanet ba, tare da maɓallin kwafewa, kuma sunan kunshin kansa ya ɗauki siga da kwanan wata, tun da daga hannu zuwa hannu zai yi tafiya.

Ga masu nazari da mujallu, duk wanda ya kafa hujja da manhaja ya kawo sunanta, da siga da shaidar zubi, da alamar harshe, da nau'in waya ko kwamfuta, da ranar da ya duba. Idan shafin Wikipedia ne, ya kawo dawwamammen adireshin wannan gyara, ba adireshin shafin kawai ba. Idan a fagen bincike ne, ya ɗauki hoton shafin bayanin manhajar tare da hoton kalmar da yake nazari, da izinin mai wayar.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fitowar dare tana haifar da zubi da yawa a ƙarƙashin siga guda, kuma shaidar zubi ce kaɗai take bambanta su. An kwatanta hatimin sauyi da ramzin mawallafi, aka kwatanta ranar zubi da rufewar mai kwafi, sannan aka nuna yadda tura manhaja daga waya zuwa waya da zirga-zirgar iyaka a Bagudo suke sa tsofaffin kunshi su daɗe a hannun jama'a. Sassan Hausa na jami'o'i sun daɗe suna koya wa ɗalibai cewa ba a kafa hujja da rubutun hannu sai an bayyana wane kwafi ne kuma a ina yake. Abin da ya rage shi ne a shigar da wannan ƙa'ida cikin darasin dabarun bincike da kuma sharuɗɗan karɓar maƙala, ta yadda za ta haɗa da manhaja.